Ina So In Ƙware a Fannin Ciwon Daji, Gidanmu Sun Ce A'a

Dakta Ummi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Saura kaɗan in kammala bautar ƙasa, kuma lokaci ya yi da zan zaɓi fannin da zan ƙware a kai. Zuciyata ta karkata ga ciwon daji, amma a gida ba wanda ya goyi bayana. Mahaifiyata ta ce me zai kai ni inda kullum sai an fitar da gawa, alhali ga fannin haihuwa, ga na yara. Wanda zan aura ya ji an ce hasken na'urar gashi, wadda ake ƙona ƙarin daji da ita, yana hana mace haihuwa. Abokan karatuna kuma sun ce in dai wannan fannin nake so, in haɗa takarduna in fita waje, don a nan ba kayan aiki. Waɗanda suka san aikin daga ciki, don Allah ku gaya mini gaskiya. Shekara nawa hanyar take ci? Yaya rayuwar take? Kuma mutum yana iya daɗewa a ciki zuciyarsa ba ta ƙeƙashe ba?

Baba Likita:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. A wannan aikin na tsufa har na yi ritaya, bari in fara miki da hanyar.

Kin riga kin ci shekara 6 a jami'a, kin yi shekarar horon farko a asibiti, ga ta bautar ƙasa kina ƙarasawa. A gabanki akwai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin ƙwararrun likitoci, ko ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. In kin ci, sai neman gurbi a asibitin da aka yarje wa horarwa a wannan fanni, irin su Shika a Zariya, Asibitin Ƙasa na Abuja, Ibadan da Legas. Ba su da yawa, kuma jiran gurbin nan shi ke kashe gwiwar yara da dama tun ba su fara ba. In kin samu, za ki yi shekara biyu zuwa uku ki zauna jarrabawar mataki na ɗaya, ki ƙara wasu biyu zuwa uku, ki yi bincikenki ki kare shi a gaban manya a mataki na biyu. Shekara 4 zuwa 6 ke nan in ba yajin aiki, ba faɗuwa jarrabawa, kuma da wuya a tsallake duka biyun. Daga ranar da kika shiga jami'a zuwa ranar da za ki zauna kujerar babbar likita, ki sa ran shekara 14 ko 15.

Sannan ki sani likitan daji ba mutum ɗaya ba ne. Akwai irina, mai yin gashi da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) duka. A Amurka sun raba, mai magani daban, mai gashi daban, mu kuwa tsarin Ingila muka gada, mutum ɗaya ke riƙe da biyun. Akwai likitan tiyata mai cire ƙarin. Akwai likitan mata da ya ƙware a dajin mahaifa, akwai likitan yara, akwai likitan jini mai kula da sankarar jini. Akwai kuma wanda majinyata ba sa ganin fuskarsa, mai duba tsokar da aka yanko a ƙarƙashin madubi ya faɗi wane iri ne. In bai yi magana ba, ba ni da ikon sa wa mutum kemo ko da idona ya gaya mini daji ne. Saboda haka in mahaifiyarki ta fi natsuwa da fannin mata ko na yara, ta can ma akwai ƙofa. Sai dai ki yi wa kanki adalci, ki tantance wanne kike so tun yanzu.

In kin zaɓi irin nawa, ki shirya komawa karatun fiziks da kika ajiye tun shekarar farko. Za ki koyi yadda haske ke kashe ƙwayar daji ya bar lafiyayyar ta farfaɗo, ki zauna gaban kwamfuta kina zana iyakar ƙari a hoton sikanin, yanki bayan yanki, kina kauce wa laka da ƙoda da idanu. Aiki ne na mai haƙuri.

Mai Lissafin Haske:
Ranka ya daɗe Baba, a ba ni dama in amsa maganar haihuwa, don fagena ne. Ni ba likita ba ne, fiziks na karanta. Aikina lissafa yawan hasken da zai shiga jikin majinyaci, da tabbatar da cewa na'urar tana ba da daidai abin da likita ya rubuta.

Dakta, angonki ya kwantar da hankalinsa. Ɗakin da na'urar take bangonsa kankare ne mai kaurin fiye da mita ɗaya, wani gefen ya kai biyu. Lokacin gashi majinyaci ne kaɗai a ciki, mu muna waje muna kallonsa ta kyamara muna yi masa magana ta lasifika. Kowane ma'aikaci yana maƙale da ɗan ma'auni a ƙirji wanda ake karantawa lokaci-lokaci. Ƙa'idar duniya ita ce kada hasken da ke shiga jikin ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara (ma'aunin hasken ke nan), kuma yawancinmu ko kusa ba ma zuwa. Na'urar zamani da muke kira linak, da an kashe ta hasken ya ɗauke. Tsohuwar mai kobalt ce sinadarinta ba ya daina fitar da haske, amma a kulle yake cikin ƙarfe mai kauri. Mata nawa muke aiki da su suna haihuwarsu lafiya.

Abin da ya kamata ya dame ki daban ne. Kobalt ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, in ba a sauya shi ba gashin minti biyu ya koma huɗu, layi ya ƙara tsawo. Linak kuma ba ta jure wasan wutar lantarki, in wani ɓangare ya ƙone sai an jira kaya daga waje. Ga dalilin da ya sa wannan ke da ciwo. Mace mai dajin bakin mahaifa ana yi mata gashi sau 25, Litinin zuwa Juma'a har mako biyar, da kemon sisfilatin duk mako, sannan gashin ciki, kuma ana so a gama komai cikin mako takwas. Duk kwanan da ya ƙaru a kan haka, damar warkewarta raguwa take. A inda na taɓa aiki na'ura ta tsaya muna tsakiyar yi wa mata da yawa, kuma likitan ne ya fito ya tsaya a gabansu yana bayani, ba wanda ya sayo na'urar ba.

Anti Nas:
Ƙanwata Dakta, in ma akwai abin kiyayewa ga mai ciki, haɗa maganin kemo ne, kuma ba ma barin mai juna biyu ta haɗa. Wannan an wuce wurin.

Ni abin da nake so ki ji shi ne waɗanda za ki riƙa gani. Mace ta ji ƙullutu a mama tana shayarwa, aka ce mata nono ne ya kwanta. Wata shida ya wuce, aka kai ta wurin mai magani, aka shafa, aka turara, aka gargaɗe ta cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura ko aka yanka sai ya bazu. Ba ta iso wurinmu ba sai da wurin ya fashe, ta lulluɓe shi da zane uku saboda wari, hammata ta kumbura, wani lokacin har ya kai ƙashin baya. Mafi yawan waɗanda muke karɓa a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. Mutane sai su ga wadda aka kai asibiti ta rasu, su ce ai ga shi, ƙarfe ya taɓa ta. Ba su ga shekarar da aka ɓata a gida ba.

Sai kuɗi. Kemon mama duk mako uku ne, zagaye shida zuwa takwas. Zagaye na farko an sayar da tumaki, na biyu dangi sun haɗa, na uku shiru. In gwaji ya nuna irin da ke buƙatar maganin tarastuzumab, shekara guda ake yi ana sa shi, kuma ko ma'aikacin gwamnati sai ya girgiza. Tun 2021 akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet da ke kama maza, amma sai an cike takardu an bi sawu, kuma ba ya isar kowa. Likitocinmu na kirki rabin yininsu a kan takarda da waya yake ƙarewa: wa zai taimaka wa wannan, ina aka ga maganin nan da sauƙi, me ya hana wance dawowa. Masu wani nau'in sankarar jini har Ile-Ife muke tura su, inda aka daɗe ana ba da imatinib kyauta, sai kuma a shiga neman kuɗin mota.

Duk da haka ina roƙon Allah ki shigo. Akwai matan da ba za su taɓa buɗe ƙirjinsu ko gabansu ga namiji ba sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Mace likita mai jin Hausa, wadda za ta ce "Inna, buɗe in gani" ba tare da tafinta ba, watanni take sayo mana.

Dakta Na Ingila:
Da girmamawa ga Baba da Anti, ni shawarata ta bambanta. Ƙanwata, ki fita. Ba ƙin gida nake ba. Amma mene ne amfanin ki karanta abu a littafi shekara shida ba ki taɓa yin sa da hannunki ba? A nan majinyaci yana zuwa, a yi masa sikanin, sakamakon tsoka ya fito da cikakken bayani, likitoci na kowane fanni su zauna a kansa a mako, kuma ba a tambayarsa ko sisi. A nan na fara ganin mutanen da suka warke suna dawowa duba lafiya shekara goma bayan magani, har suka fi masu jinya yawa a wasu ranakun.

Ki duba Farfesa Olufunmilayo Olopade. A Ibadan ta gama likitanci a 1980, ta tafi Chicago, ta zama cikin manyan masu binciken gadon dajin mama a duniya. Aikinta ya taimaka wajen nuna cewa matan Afirka ta Yamma sun fi kamuwa da ƙuruciya, kuma da yawansu da nau'in da ƙwayar tamoksifen ba ta yi masa aiki. Da ta zauna a gida ba ɗakin bincike, da wa zai gano mana wannan?

Baba Likita:
Ɗana, ban zarge ka ba, kuma yarana da dama suna can wajenku, muna gaisawa. Amma misalin da ka kawo ka duba shi da kyau. Da matan Ibadan aka yi binciken nan, tare da likitocin da suka zauna a Ibadan suna ɗaukar jini da tsoka suna rubuta tarihin kowace mace. In kowa ya tafi, ita ma ba ta da wanda za ta yi aiki da shi.

Masu irin aikina a duk Najeriya ba mu kai 100 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. A 2025 an buɗe sabuwar cibiya a Katsina, kuma gini da na'ura ba sa duba majinyaci. Abin da nake gaya wa yara shi ne su yi horonsu a nan, inda za su ga cututtukanmu yadda suke zuwa mana, sannan su fita wata shida ko shekara, Masar ko Indiya ko Afirka ta Kudu ko wajenku, su koyo abin da babu a nan su dawo. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana ɗaukar nauyin irin wannan.

Dakta Na Ingila:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da batun Ibadan. Amma su dawo su tarar da me? Ni sai da na yi watanni ba albashi a lokacin horona, ga mata ga yara, ga majinyata suna kallona ni ma ina neman na cefane. Ba zan ce wa ƙanwata ta sadaukar da ƙuruciyarta ba sai na gaya mata wannan. In ta ji ta zauna, ta zauna idonta a buɗe, kuma ni mai taimaka mata ne da duk littafin da take so.

Hajiya Rigakafi:
Ku duka kuna jayayya a kan inda za ta tsaya, ni kuwa a kan aikin kansa nake da ja. Dakta Ummi, in ceton rai kike so, ki zo fannin lafiyar al'umma.

Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna Najeriya na samun sababbin masu ciwon fiye da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa. Ko kowace jiha ta samu na'ura ba za a iya gashe wannan adadin ba. Alhali wasu daga cikin manyan masu kashe mu ana iya tare su tun daga ƙofa. Dajin bakin mahaifa ƙwayar HPV ke kawo shi, kuma tun Oktoban 2023 aka shigar da allurarsa cikin rigakafin ƙasa, sau ɗaya tak ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta. Mun sha fama da jita-jitar cewa ta hana haihuwa ce, gida-gida muka bi da taimakon masu unguwanni da malamai. Matan aure kuma da ruwan binega da fitila ma'aikaciyar ƙaramin asibiti za ta duba bakin mahaifa ta ga alamar tun bai zama daji ba, a kashe wurin a ranar. Dajin hanta da ke ɗauke mana samari, yawancinsa daga ciwon hanta nau'in B ne, wanda allurar ranar haihuwa ke karewa, sai kuma gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Tsargiyar da yaranmu ke kwasowa a kududdufi da madatsun ruwa, wadda har wasu ke ɗauka alamar balaga ce, ita ce kan dawo dajin mafitsara bayan shekaru.

Ki dubi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu. Likitar yara ce, amma wayar da kai da gwaji ta sa a gaba, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, ta farko daga Afirka.

Dakta Ummi:
Hajiya, na gode, kuma ba abin da kika faɗa da zan musa. Amma a inda nake bautar ƙasa mun yi irin gwajin nan, muka samu matan da abin ya riga ya wuce a kashe shi a ranar. Muka rubuta musu takardar turawa. Ban san inda suka ƙare ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: in mun kira mata su zo a duba su, dole a samu wanda zai karɓe su a ɗaya ƙarshen.

Hajiya Rigakafi:
Wannan gaskiya ne 'yata, kuma shi ne raunin aikinmu. To in kin shiga can, kada ki manta da mu. Ki ba ƙananan asibitocin yankinki lambar da za su kira kai tsaye.

Abban Yara:
Ni ɗan kasuwa ne, ban san aikin likita ba, amma maganar mahaifiyar Dakta da ta ce kullum gawa ake fitarwa ita ta sa zan yi magana. Yarona yana ƙarami muƙamuƙinsa ya kumbura. Muka ce haƙori ne, wasu suka ce hangum. Kafin mu ankara fuskar ta karkace, haƙora suna girgiɗi, ido ya fara turowa. A asibitin koyarwa aka ɗebi tsoka aka ce dajin Burkitt ne. Da aka sa masa kemo na farko, wallahi cikin 'yan kwanaki kumburin ya saɓe kamar ba a yi ba. Na ce alhamdu lillahi, mu tafi gida.

Likitar ta zaunar da ni a ofishinta. Ta ce Alhaji, a nan ne ake rasa yaran. Abin da ido ke gani ya tafi, wanda ba ya gani yana nan, in ka tafi zai dawo kuma ba zai ƙara jin maganin kamar da ba. Duk ranar da za mu koma, in ba ta gan mu ba sai ta sa a kira ni. Mun gama duka zagayen. Yaron yanzu yana sakandare. Waɗanda muka kwanta tare da su suka tafi bayan kumburi ya faɗa, na san biyu da ba su kai labari ba. Dakta, ki karanta wa mahaifiyarki wannan.

Ɗan Garwa:
Allah ya raya shi Alhaji. Ciwon da ya kama ɗanka yana da tarihi da ya shafe mu. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Kampala ta Uganda, shi ya bayyana shi a 1958, daga baya aka gane yana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Cikin waɗanda suka nuna cewa magani kaɗai na iya warkar da shi akwai ɗan ƙasarmu Kamaru, Farfesa Victor Anomah Ngu, lokacin yana tiyata a Ibadan. A 1972 yana cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker ta Amurka tare da Burkitt ɗin. Daga baya ya shugabanci jami'ar Yawunde, ya yi ministan lafiya. A ƙarshen rayuwarsa ya yi iƙirarin maganin ƙanjamau wanda masana ba su karɓa ba, wannan ma yana cikin tarihinsa. Amma aikin Ibadan ɗin ya tabbata, kuma a asibitin Afirka aka yi shi, a kan yaran Afirka. Abin da ke ci mini rai shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji suna warkewa, a irin namu da yawa ba a kai 30 ba.

Ɗan Damagaram:
Ku a Najeriya kuna ƙorafin wuraren gashi sun yi kaɗan. Mu a Nijar sai a 2021 aka buɗe na gwamnati na farko, a cibiyar yaƙi da ciwon kansa, wato daji, da ke Yamai. Kafin nan mai hali ya fita waje, marar hali ya koma gida. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ka ɗauki marar lafiya a mota, ka nemi inda za ku zauna wata biyu. Don haka har yanzu mutanenmu da na Maraɗi wasu Najeriya suke gangarowa. Likita, in kin zauna a Arewa, ba 'yan jiharki kaɗai za ki duba ba.

Ɗiyar Marigayiya:
Ni tambaya gare ni ga Baba, kuma ta shafi abin da Dakta za ta tarar. Da mahaifiyarmu ta kwanta, yayyena maza suka roƙi likita kada ya gaya mata daji ne, wai za ta karaya. Har ta rasu ana ce mata gyambon ciki ne. Ni na san ta gane, don ta riƙa kallonmu tana shiru. Akwai bashin da take so ta faɗa, akwai 'yar uwarta da suka yi shekaru ba sa magana. Har yau abin yana damuna. Baba, daidai ne likita ya biye wa dangi?

Malam Na Zaure:
Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara. Yayyenki tausayi ne ya sa su, kada ki riƙe su. Amma mai hankali yana da haƙƙin ya san halinsa, don ya yi wasiyya, ya sauke haƙƙin mutane, ya nemi yafiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, saboda haka ba a yanke wa marar lafiya ƙauna. Sai dai rashin yanke ƙauna daban, ƙarya daban.

Baba Likita:
'Yata, Allah ya gafarta wa mahaifiyarki. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace jarrabawa wuya a aikinmu, kuma kusan kullum sai an yi mana ita a bakin ƙofa: "Likita, don Allah kada ka gaya mata."

Ga yadda na riƙa yi. Ba na faɗa da dangi, domin su ne za su yi jinya, su biya, su kwana a ƙasa kusa da gado. Nakan ce musu ba zan ɗora mata abin da ba ta nema ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Sai in zauna da ita, a zaune ba a tsaye ba, in ce Hajiya, me kike gani game da ciwon nan? Kina so in yi miki bayani ke da kanki, ko in yi wa 'ya'yanki? Wasu su ce gaya wa babban ɗana, wannan zaɓinsu ne. Da yawa kuwa sai su ce likita, ai na sani, yaran nake tausaya wa. Ka ga gida guda kowa yana ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani. Ba na faɗin wata nawa suka rage, don ba a hannuna yake ba. Nakan ce ciwon ya fi ƙarfin a cire shi, amma zafin bai fi ƙarfinmu ba.

Dakta Ummi, nan ne amsar tambayarki ta ƙarshe take. Waɗanda na ga zuciyarsu ta ƙeƙashe su ne masu ɗaukar cewa aikinsu warkarwa ce kawai, sai kowace rasuwa ta zame musu faɗuwa, daga nan su daina shiga ɗakin wanda ba zai tashi ba. Alhali mutumin da ya yi mako bai runtsa ba saboda ciwon ƙashi, ka ba shi ruwan mofin mai kashe zafi duk awa huɗu, ko ka yi masa gashi sau ɗaya a wurin, ya yi barci ya tashi ya yi sallah a zaune, ka yi masa aiki babba. Za ki yi kuka, musamman a kan yara da sa'o'inki. Ki samu abokan aikin da za ki faɗa wa, ki riƙa ɗaukar hutunki, kuma kada ki hana kanki zuwa ta'aziyya in zuciyarki ta so.

Dakta Maman Biyu:
Ƙanwata, ni ina shirin mataki na biyu a wannan fannin, da aure da yara, duka a cikin horon na haife su. Ta fuskar gida ya fi tiyata da haihuwa sauƙi, don yawancin aikin na rana ne: asibitin waje, zanen gashi, zagayen ɗaki, taron likitoci a kan majinyata. Kiran dare yana nan, kuma in ya zo ba wasa: wanda kemo ya karya wa garkuwar jiki ya zo da zazzaɓi, mace mai zubar jini, ko wanda ƙari ya danne wa laka ƙafafu suka fara mutuwa, wanda in aka kwana biyu ba zai ƙara takawa ba. Abin da ya kamata ku tattauna da angonki tun kafin a ɗaura shi ne wurin zama. Likitar yara ko'ina ta je akwai aiki. Ke kuwa inda na'ura take nan ne garinki, kuma garuruwan a ƙirge suke.

Dakta Ummi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Umma saƙon Abban Yara, ta yi shiru, sannan ta ce a kawo mata na Baba ma ta ji. Batun wurin zama kuwa ban taɓa kawo shi a raina ba, yau za mu yi maganar. Yaya Maman Biyu, ana barin mutum ya zo ya zauna da ku kafin ya yanke shawara? Kuma me zan fara karantawa?

Dakta Maman Biyu:
Ana bari. Ki rubuta wa shugaban sashe takarda ta hannun shugaban asibitin, ki nemi izinin zama na mako biyu zuwa huɗu a matsayin mai kallo. Ki tabbata kin zauna a asibitin waje ranar sababbin majinyata, kin kuma bi Anti Nas ɗin wurin ranar wankin miki, don a nan za ki san ko za ki iya. Jarrabawar share fage sau biyu ake yi a shekara, ki duba shafin kwalejin don ranar rufe rajista. Ki koma kan ilimin sassan jiki da na cututtuka da fiziks tun yanzu. Ki turo mini saƙo ta gefe in haɗa ki da masu shirin zama ta gaba, suna karatu tare duk daren Asabar.